Tutiya, fitilar UV da iyakar haske: rajistar aikin lab ɗinmu na SS3

9 ga Nuwamba, 2024

Abin da nake so kafin WAEC ta zo shi ne ɗaliban SS3 su ga da idonsu cewa haske yana fizgo ilektiron daga jikin ƙarfe, kuma kowane ƙarfe yana da iyakar da in haske bai kai ta ba, ko fitilu ɗari aka tara babu abin da zai fita. A takarda sun iya. Ka ba su W, makamashin da ilektiron ke bukata ya ɓalle daga ƙarfen, nan take su raba da h, tsayayyar lambar Planck, su ba ka f₀, mafi ƙarancin kaɗawar haske a daƙiƙa da za ta iya aikin. Amma da na tambayi ajin, "Jan haske ya kasa, yaya za mu yi?" kusan kowa cewa ya yi a ƙaro fitila ko a matso da ita. Ban ga laifinsu ba. In dai haske taguwa ce kawai, ƙara masa ƙarfi ya kamata ya ƙara girgiza ilektiron har ya tsinke, kuma haka manyan masana fiziks na ƙarni na 19 suka zata. Gwaji ne ya sa aka bar wannan tunani, to su ma gwajin nake so ya raba su da shi.

Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne gwajin da Wilhelm Hallwachs ya yi a Jamus a 1888, shekara guda bayan Heinrich Hertz ya lura tartsatsin na'urarsa ya fi saurin tashi in hasken UV, wanda ke gaba da shunayya kuma ido ba ya ganinsa, ya sauka a kan ƙarfen: farantin tutiya mai caji, ma'aunin caji, da fitila. Na biyu awo ne da kwalbar haske, wato kwalbar da ke ba da wutar lantarki in haske ya taɓa ƙarfen cikinta, da fitilun LED, don mu fitar da h da kanmu.

Da gangan na jira damina ta wuce. Laima na tsotse caji kafin ka juya, amma a busasshiyar iskar hunturun Kano, ko mayafi ka cire sai ka ji yana ƙas-ƙas.

16 ga Nuwamba, 2024

Ma'aunin caji ya samu. Kwalbar zuma ce mai faɗin baki, muka huda murfin roba muka zura wayar jan ƙarfe mai kauri, muka lanƙwasa ƙasanta kamar ƙugiya, muka rataya siraran ganye biyu na takardar alminiyam. An toshe ramin da kakin kyandir. Tutiya kuwa daga tsofaffin batiran rediyo masu arha muka samo ta, domin gwangwanin da ke ƙarƙashin takardarsu tutiya ce. Yara suka yanke, suka wanke baƙin garin da ke ciki, suka daddale ta da guduma.

Ka goga guntun bututun PVC da hular sanyi ta ulu, ka shafa a farantin tutiyar da ke haɗe da wayar, ganyen su wage su tsaya. Cajin nagatif ke nan, wato ilektiron sun yi wa farantin yawa. Mun bar shi tsawon darasi guda, ɗan kaɗan kawai ya rage.

Daga nan muka shiga jera masa fitilu. Tocilan waya, babu. Jar LED, babu. Kwan fitilar gaban mota da batirinsa, wanda in ka kalle shi sai ka runtse ido, har farantin ya ɗau ɗumi, ganyen ba su motsa ba. Wata ɗaliba ta kawo fitilar duba kuɗin jabu daga shagon mahaifinta, tana cewa, "Malam, ai wannan UV ce." Gaskiyarta, UV ce, amma ita ma ta kasa. Na sa su lissafa dalili a allo. Tutiya na bukatar kusan 4.3 eV (ilektiron-bolt, ma'aunin ƙanƙanin makamashi), wato f₀ ɗinta kusan 1.04 × 10¹⁵ Hz, tsawon zangon taguwar hasken kusan nanomita 290 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Fitilar kuɗi tana tsakanin nanomita 365 da 395, kowane foton nata, wato ƙunshi ɗaya na haske, bai wuce 3.4 eV ba. Jar LED ma ba ta kai 2 eV ba. Sun yarda da lissafin, amma na ga a fuskarsu suna zaton ko dai ma'aunin namu ne bai san aikinsa ba. Suna da hujja, tunda har yanzu ba su ga fitilar da ta yi nasara ba.

30 ga Nuwamba, 2024

Neman fitilar da ta haura iyakar tutiya ya ba ni wuya. Irin ta kashe ƙwayoyin cuta ake bukata, mai tururin makuri, wadda ke ba da nanomita 254, kusan 4.9 eV. Na fara aro akwatin da wani mai aski ke saka kilifa a ciki. Da na buɗe, kwan ciki shuɗi ne kawai aka yi wa fenti, kuma bai taɓa cajin ba. Na koma na gaya masa, domin shi ma cutarsa aka yi, yana nan yana zaton kayansa na tsarkaka. Ta gaskiyar na same ta wurin masu sayar da kayan tace ruwa: bututu garau, babu farin hoda a cikinsa, yana ba da wani haske shuɗi-shuɗi maras ƙarfi.

Na saka ta a cikin akwatin katako mai taga ɗaya da murfi, tagar na kallon bango. Wannan haske yana ƙona ido da fata. Shi ne irin wanda ke sa yaron mai walda ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido. Dokar lab: ni kaɗai ke buɗe murfin, kowa na bayan akwatin, kowa da tabarau.

A karon farko ganyen sun sauko, amma a hankali. Tutiya in ta sha iska takan yi wani dusasshen rufi a fuskarta, sai muka goge ta da samfefa har ta yi ƙyalli, muka sake caji. Ina zare murfin, ganyen suka fara rufewa, kafin a ƙirga goma sun manne da juna. Ajin ya yi tsit, sai wani daga baya ya ce a sake. Muka sake. Fitilar nan ba ta kai ko kusa da hasken kwan mota ba, da ƙyar ma ake ganinta da rana, ga shi ta yi abin da wancan ya kasa.

Abubuwa biyu muka ƙara. Na sa gilashin taga tsakanin fitila da faranti. Shuɗin hasken na wucewa, kowa na ganinsa a kan tutiyar, amma ganyen suka tsaya cak. Na janye gilashin, suka ci gaba da saukowa. Gilashi na tare duk abin da ya gaza kusan nanomita 300, kuma da irin wannan tarewa ne Hertz ya gane UV ce ke aikin. Sannan muka ba farantin cajin fozitif, muka haska. Babu canji, domin duk ilektiron da ya leƙo waje farantin zai sake janyo shi.

14 ga Disamba, 2024

Ranar ta yi daidai: a 14 ga Disamba, 1900 ne Max Planck ya gabatar wa ƙungiyar masana fiziks ta Jamus a Balin lissafin da h ta fito a cikinsa. Na ɗauki darasin yau na ba su tarihin, domin yadda littattafanmu ke taƙaita shi bai gamsar da ni ba. Suna nuna kamar an ga iyaka, aka rasa bayani, Einstein ya zo a 1905 ya yi bayani, kowa ya tafa. Abin bai tafi haka ba.

Philipp Lenard ya nuna a 1902 cewa ƙara ƙarfin haske na ƙara yawan ilektiron da ke fita amma ba ya ƙara musu gudu. Shi kansa yana da bayani: a ganinsa makamashin tun asali yana cikin atom, haske kunama kawai yake danna masa, kamar ta bindiga. Masana da yawa sun karɓi wannan, tunda bai taɓa ka'idar taguwa ba. Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙira a Bern, ya zo da wata magana dabam: haske kansa ƙunshi-ƙunshi yake, kowane ƙunshi makamashinsa hf, wato h sau f, yawan kaɗawar hasken a daƙiƙa, kuma ilektiron ɗaya ƙunshi ɗaya yake haɗiya. In hf bai kai W ba, ba fita. In ya wuce, rarar ce ke zama gudu. Abin da ya sa maganarsa ta fi ta Lenard daraja shi ne ta yi alkawarin da za a iya kama ta da shi: ka zana makamashin ilektiron mafi gudu a kan f, za ka samu miƙaƙƙen layi, kuma gangaren layin ɗaya ne ga kowane ƙarfe, h. A 1905 babu awon da ya isa ya tabbatar ko ya ƙaryata wannan.

Ko a 1913, lokacin da Planck da wasu abokansa suka rubuta takardar neman a shigar da Einstein Kwalejin Kimiyya ta Prussia, sai da suka nemi a yi masa uzuri kan batun ƙunshin haske, a matsayin wurin da ya wuce gona da iri. Robert Millikan a Jami'ar Shikago ya shafe shekaru yana awo, yana zaton zai rushe ra'ayin. Matsalar dusasshen rufin nan da muka gyara da samfefa, shi da wuƙa ya magance ta, wuƙar da ya saka a cikin kwalbar da aka zuƙe wa iska yana sarrafa ta da maganaɗisu daga waje, tana kankare fuskar sodiyam ko litiyam kafin awo. A 1916 ya buga sakamako: layi miƙaƙƙe, h kusan 6.57 × 10⁻³⁴ a ma'aunin yau, alhali ƙimar da aka tsayar yanzu 6.626 × 10⁻³⁴ ce. Duk da haka a takardar ya ce lissafin ya yi daidai amma ra'ayin da ke ƙarƙashinsa ganganci ne. Kyautar Nobel ta 1921 da aka ba Einstein a 1922 ma dokar aka ambata a cikinta, ba a ambaci ƙunshin haske ba. Sai bayan gwajin Arthur Compton na 1923 yawancin masana suka sallama.

Na kuma ba su labarin Julius Elster da Hans Geitel, domin su biyun malaman sakandare ne a wani ƙaramin gari na Jamus, Wolfenbüttel. Su suka gano cewa ƙarafa irin su sodiyam da fotasiyam suna sakin ilektiron ko da hasken da ido ke gani, su kuma suka ƙera kwalaben haske na farko masu amfani wajen 1890. Ina so yaran su san wannan.

Kafin a tashi mun fita da ma'aunin tsakar rana. Da tutiya sakamakon bai fito sarai ba, kuma haka lissafi ya nuna, domin ozon na sararin sama yana yanke hasken rana daidai wajen nanomita 290 zuwa 300, bakin iyakar tutiya, ga kuma hazo ya rufe gari. Malamin kemistiri ya ba mu guntun zaren magniziyam, mai bukatar kusan 3.7 eV, iyakarsa wajen nanomita 340. Da aka kankare shi aka sa a rana, ganyen sun sauko a hankali. Aka yi masa inuwa da kwali, suka dakata.

11 ga Janairu, 2025

An dawo hutu. Kwalbar haske ta iso, aro daga wani abokina da ke koyarwa a jami'a. Tsohuwa ce, dangin waɗanda majigin silima ke karanta sauti da su daga gefen fim. A ciki akwai lanƙwasasshen faranti mai rufin siziyam da antimoni, da siririn sanda a gabansa mai karɓar ilektiron, kuma an zuƙe iskar.

Wutar da take bayarwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, nano'amfa, wato kashi ɗaya cikin biliyan na amfa. Ba mu da mitar da ke auna wannan, amma maltimita ta dijital in tana kan awon bolt tana da turjiyar megohm 10 a cikinta. Ka jera ta a layi ɗaya da kwalbar, milibolt 1 a fuskarta na nufin nano'amfa 0.1. Sai batira biyu da maɓallin ƙara murya na rediyo don mu riƙa tura ilektiron baya a hankali, da maltimita ta biyu mai nuna bolt nawa muka tura. LED ja, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi da shunayya daga Sabon Gari. Duka an rufe su a kwalin takalmi da aka shafe cikinsa da baƙin fenti.

25 ga Janairu, 2025

Wannan ne awon da na fi ɗokin gani. Aka kunna shuɗiyar LED a dushe, aka murɗa maɓalli har wutar kwalbar ta koma sifiri, aka rubuta bolt ɗin tsayawa. Aka ƙure hasken LED ɗin, wutar ta ninka sau da yawa, aka sake murɗawa. Wurin tsayawa ya matsa kaɗan kawai, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na bolt ba. Aka sauya zuwa shunayya a dushe, nan take ya yi tsalle da kusan rabin bolt. Lissafi: shuɗi nanomita 470, 2.64 eV, shunayya nanomita 400, 3.10 eV; tazarar 0.46. Ɗaliban da kansu suka faɗi ma'anar kafin in buɗe baki.

Giraf ɗin launuka biyar ya fito kusan miƙaƙƙe, amma gangarensa ya gaza na gaskiya. Kamata ya yi duk ƙarin 10¹⁴ Hz ya ƙara bolt 0.41, namu ya tsaya ƙasa da haka da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na san inda giɓin yake. Da daɗewa siziyam kan yi tururi ya manne a sandan karɓa, sai shi ma ya riƙa sakin ilektiron in haske ya taɓa shi, su bi hanya ta baya su soke wani sashe na wutar. Mita ta nuna sifiri tun kafin ilektiron mafi gudu su tsaya, kuma abin ya fi tsanani ga shuɗi da shunayya. Alamarsa a fili take: ka ƙara murɗawa bayan sifiri, mita ta koma nagatif. Mun manna siririn baƙin tef a jikin kwalbar don ya yi wa sandan inuwa, gangaren ya ɗan gyaru.

Akwai kuma abin da littafin SS3 bai faɗa ba, wanda ya kamata malami ya sani. Ana koya wa yara cewa inda layin ya yanke shi ne f₀ na farantin da ake haskawa. A awo na zahiri, in farantin da sandan ƙarafa ne dabam-dabam, akwai ɗan bambancin bolt tsakaninsu tun kafin ka haɗa batir, kuma in ka bi lissafin, W ɗin da layin ke bayarwa na sandan karɓa ne. Millikan sai da ya auna wannan bambanci dabam ya gyara. Gangaren ba ya shafuwa, don haka h na nan lafiya. A jarrabawa za su amsa yadda manhaja ta ce, amma na gaya musu kada su rubuta a rahoton lab cewa sun auna iyakar siziyam da antimoni daga wannan layi.

8 ga Fabrairu, 2025

Wani ɗalibi da ba ya cika magana ya kawo nasa misalin: goruba a sama, ka watsa mata yashi buhu guda ba za ta faɗo ba, dutse ɗaya mai nauyi ya sauko da ita. Na karɓa. Sai ɗalibar nan mai fitilar kuɗi ta ɗaga hannu: "To Malam, in foton biyu suka bugi ilektiron ɗaya a lokaci guda fa?" Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce yana yiwuwa. Maria Goeppert-Mayer ta lissafa haɗiyar foton biyu tare tun 1931, amma ba a gan ta a lab ba sai 1961, bayan an ƙera leza a 1960. Da fitila irin tamu foton suna zuwa a warwatse, ilektiron ya zubar da abin da na farko ya ba shi tun kafin na biyu ya iso. Iyakar tana nan daram ga duk hasken da za mu iya kunnawa a lab ɗin nan.

Mun kuma lissafa jinkiri. Ɗauki fitila mai ba da wat 1 na haske a nisan mita 1. In makamashi ya bazu daidai kamar taguwa, atom ɗaya mai faɗin kusan 3 × 10⁻²⁰ murabba'in mita zai jira fiye da minti 2 kafin ya tara 2.3 eV da fotasiyam ke bukata. A kwalinmu, ko LED na dushe kamar za ta mutu, kana kunnawa mita ke motsawa. Mitarmu ba ta da saurin da za ta ce komai ƙasa da daƙiƙa, amma Ernest Lawrence da Jesse Beams sun nuna a 1928 cewa jinkirin bai wuce 3 × 10⁻⁹ na daƙiƙa ba.

22 ga Fabrairu, 2025

Jar LED tana ba da wuta 'yar mitsitsiya a kwalbar, kuma yara sun yi gardama ko ta haura iyaka ko ba ta haura ba. Gardamar na da tushe. LED ba launi ɗaya tak take bayarwa ba, tana bazuwa nanomita 20 zuwa 30 a kewayen tsakiyarta, ga kuma zafin jikin farantin da ke ba wasu ilektiron ɗan ƙarin makamashi, abin da Ralph Fowler ya yi wa lissafi a 1931. Bakin iyaka a zahiri yana da ɗan gezar da ba a nunawa a zanen littafi.

Don a samu amsa mai tsabta muka ciro LED ɗin tsohon rimot na talabijin, nanomita 940, kusan 1.3 eV. Muka ba ta wuta iyakar abin da za ta ɗauka, muka manna ta a bakin kwalbar. Mita na kan sifiri. Wani ya ce ƙila ta ƙone, sai na sa ya duba ta da kyamarar wayata, ga ta nan tana walƙiya fari-fari a allon. Idon kyamara silikon ne, kamar farantin sola da ke kan rufin ofis, kuma silikon 1.1 eV kawai yake bukata, iyakarsa wajen nanomita 1100. A silikon ilektiron ba ya barin jikin abin, matsayi yake sauyawa a ciki, amma sharaɗin hf bai canza ba. Haske ɗaya, ya haura iyakar wannan, ya gaza ta wancan.

Abin da ya rage shi ne tsawon zangon LED ɗinmu, wanda har yanzu daga takardar masu ƙera su muke ɗauka, alhali waɗanda muka saya a buɗe suke ba su da lamba. Layukan da ke jikin faifan CD tazararsu maikiromita 1.6 ce, sun isa su karkatar da kowane launi zuwa kusurwarsa. An ɓare rufin azurfar wani faifai da tef, an yanka shi, an kafa shi a gaban rula mai mita 1. Rukuni biyu za su auna kusurwoyin dabam-dabam mako mai zuwa kafin azumi ya kama, sannan mu sake zana giraf ɗin da f ɗin da muka auna da hannunmu.